Iya Ruwa Fidda Kai: Jan Kunne Ga Masu Yawon Sallah Bakin Tafki

Kowace shekara, da an sauko daga idi, an ci tuwon Sallah, an gama zaga dangi, sai hankalin samari da 'yan matan zango ya koma wajen fita shan iska. Tun ana sauran wata guda ƙungiyoyi suke fara tara kuɗi, a ɗinko riguna iri ɗaya, a ɗauki shatar mota, a yi hayar na'urar kiɗa. Ran tafiya kuwa tun da asuba iyaye mata sun sauke tukwanen shinkafa da wake, an cika kuloli, an ɗora a mota. Mutanen Aboabo da Asawase da Sabon Zango da Tafo a Kumasi galibi Tafkin Bosomtwe suke dosa. Na Nima da Mamobi da Madina da Ashaiman kuwa, in ba bakin teku suka nufa ba, to sai Akosombo. Ba kuma Sallah kaɗai ba. Hutun Ista, da na Kirsimeti, da ranar 6 ga Maris, duk lokutan cikar bakin ruwa ne.

Ba mu ga laifin wannan ba ko kaɗan. Yaron da ya tashi a lungu, ɗaki ɗaya da ƙannensa biyar, ya cancanci a kai shi ya ga fili, ya ga duwatsu, ya ga yadda ƙasarsa take. Sai dai akwai tambaya guda da ba a cika yi ba kafin mota ta tashi, wato, cikin mutum 60 da suka cika ta, mutum nawa ne suka iya ruwa? Mu mutanen tudu ne. Zangunanmu a tsakiyar gari suke, ruwan da yaranmu suka sani shi ne na famfo, da na bokiti, da na kwata in an yi ruwan sama. Ga shi a yini guda muna kwasarsu mu kai su gaban ruwa mai zurfin gaske, mu sake su, mu koma gindin bishiya muna rabon abinci.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 kimanin mutum 300,000 ne ruwa ya ci a duniya, kusan kashi ɗaya cikin huɗu nasu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. In kuma aka auna da yawan jama'a, nahiyar Afirka ce ke kan gaba wajen wannan asara. Abin ya kai har Majalisar Ɗinkin Duniya, a 2021, ta ware ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara domin faɗakarwa a kan nutsewa. Mu ma a nan jaridu sun sha kawo labarin matasan da suka fita yawon hutu da kiɗa da waƙa, aka dawo da mota shiru, kujera ɗaya ko biyu babu kowa. Saboda haka muka ga ya kamata mu tattauna wannan magana tun ba a fara karɓar kuɗin mota ba, domin tun ran gini ran zane.

Ruwa A Cikin Ƙwarya

Tafkin Bosomtwe yana kimanin kilomita 30 kudu maso gabas da Kumasi, kuma shi kaɗai ne babban tafkin ƙasar nan wanda ba ɗan Adam ya tare shi ba. Masana sun ce wani ƙaton dutse ne ya faɗo daga sararin samaniya, shekara sama da miliyan 1 da ta wuce, ya haƙa rami mai faɗin kilomita 10 da rabi. Ruwan sama da na ƙananan rafuka suka taru a ciki, suka zama tafki mai faɗin kimanin kilomita 8. Babu kogin da ke fita daga cikinsa. Zurfinsa a tsakiya ya kusa mita 80, wato ko bene mai hawa 20 aka tsayar a wurin, ba za a ga rufinsa ba. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren da duniya ke kiyaye halittunsu.

Duk wanda ya gangaro daga Kuntanase zuwa Abono ya san yadda hanyar take, gangara ce da kwana-kwana har bakin ruwa. To, mai karatu ya riƙe wannan a ransa: gangarar ba a bakin ruwa ta tsaya ba, ta ci gaba a ƙarƙashinsa. Tafkin kamar ruwa ne a cikin ƙwarya. A gefe yaro zai tsaya ruwa iya gwiwa, ya ƙara gaba ya kai ƙugu, ya ji daɗi ya ƙara, sai ƙafa ta nemi ƙasa ta rasa. Ruwan ba ya gudu, ba ya ruri irin na teku, wannan lumana tasa kuwa ita ce ke yaudarar baƙo. Wanda zai ji tsoron igiyar ruwa a Labadi, a nan sai ya saki jiki. Bugu da ƙari, ruwan tafki bai kai ruwan gishiri ɗaga mutum sama ba, saboda haka wanda ya ɗan koyi iyo a teku zai ji jikinsa ya fi nauyi a nan, gajiya kuma ta fi saurin kama shi.

Akwai wani abu kuma. A tsawon zamani ruwan tafkin ya sha hawa da sauka, ya cinye gonaki da tsofaffin matsugunai, shi ya sa ake ganin busassun bishiyoyi tsaye a cikinsa kusa da gaɓa. Waɗanda ido ke gani da sauƙi. Na ƙasa su ne abin tsoro ga mai yin tsalle ya faɗa da ka. Wanda ya sari kututture ko ƙasa da ka, wuya yake karyewa, in ma ya rayu, mai yiwuwa ya ƙare rayuwarsa a kwance. Ruwan da ba ka san ƙasansa ba, da ƙafa ake shigarsa, a hankali.

Asantawa masu wurin suna girmama tafkin nan ƙwarai, suna da al'adunsu da hane-hanensu a kansa. Tun kaka da kakanni ba sa kamun kifi da kwale-kwale irin na sauran wurare, sai da wani falankin itace mara nauyi da suke kira padua. Masunci zai hau shi, ya riƙa tuƙi da hannuwansa, ya yi nisa har ya zama ɗan ɗigo. In ka gani daga gaɓa sai ka ce wasa ne. Amma mutumin nan tun yana yaro yake kan falankin, in ya juye da shi ya san yadda zai koma. Saurayin zango da ya ba da 'yan sidi aka ara masa padua don a ɗauke shi hoto, ransa ya ba da haya. Mu baƙi ne a wurin. In mutanen gari suka ce kada a shiga nan, ko yau ba a shiga, sai mu bi, ko mun gane dalili ko ba mu gane ba.

Dajin Da Ke Ƙarƙashin Volta

Tafkin Volta kuwa labarinsa daban ne. An gama madatsar Akosombo a 1965, Shugaba Kwame Nkrumah ya buɗe ta a watan Janairun 1966. Ruwan da ta tare ya mamaye fili kimanin murabba'in kilomita 8,500, aka tashi mutum wajen 80,000 aka sake musu matsuguni. Mu ma abin ya taɓa mu, domin tsohon garin Kete Krachi, inda Alhaji Umaru ya zauna ya karantar har rasuwarsa a 1934, ruwan ya ci shi, haka kuma tsohon mashigin Yeji inda fataken goro suke ƙetarewa zuwa Salaga.

Abin da ya kamata kowane fasinja ya sani shi ne ba a sare dazuzzukan ba kafin ruwa ya rufe su. Bishiyoyi masu taurin gaske suna nan tsaye a ƙasa har yau. Ruwan kuma ba tsayi ɗaya yake zama ba. A ma'aunin madatsar, yana iya kaiwa ƙafa 278 in ya cika, ya sauka har wajen ƙafa 240 in an yi fari. Kututturen da jirgi ya wuce ta kansa lafiya a watan Nuwamba, a watan Mayu yana iya zama taƙi ɗaya ƙasa da fuskar ruwa, yana jiran cikin jirgi. Shi ya sa gudu da tafiyar dare suke da haɗari a Volta, shi ya sa kuma matuƙin da ba ɗan wurin ba bai kamata a ba shi amanar rayuka ba.

Darussan da aka samu a wannan ruwa masu ɗaci ne. A watan Afrilun 2006 jirgin da ya kwaso mutanen da aka tasa daga gandun dajin Digya ya nutse a hanyarsa ta zuwa Tapa Abotoase, da lodi fiye da ƙima. A watan Janairun 2023 'yan makaranta 8 suka rasu a gundumar Sene ta Gabas, suna ƙetarawa zuwa makaranta. A watan Oktoban 2025 kuma, kusa da Kete Krachi, mutum 15 suka rasu, 11 daga cikinsu yara. Gaskiya ne waɗannan ba 'yan yawon shan iska ba ne, larura ce ta sa su shiga jirgi. To, in wanda larura ta tilasta wa yana da uzuri, mu da muka je don nishaɗi, muka biya kuɗinmu, muna da ikon cewa ba za mu hau ba, mene ne namu uzurin?

Masu sauka a wuraren shaƙatawa na Atimpoku da kewayen gadar Adomi su ma su lura. Nan ƙasa da madatsa ne, ruwan kogi ne mai tafiya, ƙarfinsa kuma yana sauyawa gwargwadon ruwan da aka saki daga injinan wuta. Sannan a gaɓar Volta, musamman inda ciyayi suka yi yawa, akwai dodon koɗin da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya, wadda ke shiga ta fata. Wanda ya yi wanka a can, bayan 'yan makonni ya ji zazzaɓi ko ya ga jini a fitsari, ya je asibiti ya faɗa musu inda ya shiga. Akwai magani, ba kuwa mai wuya ba.

Mai Nutsewa Ba Ya Ihu

Yawancinmu a fim muka ga nutsewa, inda mutum ke ɗaga hannu yana kururuwa a zo a cece shi. A zahiri ba haka abin yake ba. Wanda ruwa ya fi ƙarfinsa bakinsa yana fitowa yana komawa, ɗan lokacin da ya samu bai ishe shi shaƙar iska ba, balle kira. Hannuwansa suna dukan ruwa a gefe, jikinsa a tsaye kamar mai hawa tsani, kansa ya karkata baya, idanu a buɗe amma ba ya ganin kowa. Wannan hali ba ya wuce daƙiƙa 20 zuwa 60, sai ya tafi ƙasa. Sau da yawa abokansa suna kusa da shi, suna tsammanin wasa yake yi. To, ina ga an ƙure kiɗa a gaɓa?

Saboda haka in ka ga wani a ruwa ya yi shiru, ya tsaya wuri ɗaya, kira shi da ƙarfi ka tambaye shi ko lafiya. In ya amsa, madalla. In bai amsa ba, kada ka jira. Yara kuwa, muddin suna wasa a ruwa za ka ji hayaniyarsu. Shirun yaro a bakin ruwa shi ne ƙararrawa. Ƙaramin yaro ba ya bukatar zurfi, ruwa iya gwiwar babba ya isa, in ya faɗi rubda ciki ya kasa tashi. Kada a ce wa 'yar shekara 10 ta kula da ƙaninta, ita ma abin kulawa ce.

Samari kuma abin da ya fi kai su shi ne gasa. Ana tsaye sai wani ya ce wa zai riga taɓa wancan itacen, ga 'yan mata suna kallo, ga waya ana ɗauka. Nisa a kan ruwa yana da ruɗi, abin da ido ya ce kusa ne, hannu zai ce da sauran tafiya. Mutum ya kai can da ƙyar, ya manta akwai dawowa. In aka haɗa da giya, ko wiwi, ko ƙwayar tiramol da ta addabi unguwanninmu, to an gama, domin suna ƙara wa mutum ƙarfin hali su rage masa ƙarfin jiki. Ba ma son faɗa, amma kowa ya san ba lemo kaɗai ake ɓoyewa a bayan mota ba.

Sutura ma abin dubawa ce. Doguwar riga, da zane, da abaya, da dogon hijabi, da wandon jins, in sun jiƙe suna naɗe ƙafa da hannu, su hana motsi. 'Yan'uwa mata da suke son shiga ruwa su nemi riga da wando marasa nauyi waɗanda suka rufe jiki ba tare da yalwa ba, da ɗan kwali mai kama kai, su kuma tsaya inda ruwa bai wuce gwiwa ba in ba su iya iyo ba. Mai farfaɗiya ko ciwon zuciya, ko iyayensa, su sanar da shugaban tafiya tun a gida. Ba abin kunya ba ne, ɓoyewar ce ke kisa.

Kafin A Sa Ƙafa A Jirgi

A Abono da Akosombo duka akwai jiragen inji masu zagawa da baƙi. Kafin a yi cinikin kuɗi, a fara cinikin rigar ceto, wato rigar nan mai launin lemo da ke hana mutum nutsewa. A ƙirga riguna, a ƙirga mutane. In riguna 12 ne, mutum 12 za su hau, sauran su jira sawu na biyu. A duba ko ta yage, ko igiyoyinta sun tsinke. A sa ta tun a gaɓa, a ɗaure ta tamau, domin rigar da aka zauna a kanta ko aka rataya a kafaɗa ba ta da amfani in jirgi ya kife, abin ƙiftawa da bismilla ne. Rigar babba ba ta yi wa yaro, in ya faɗa ruwa sai ta zame ta kansa. Gwaji mai sauƙi shi ne a kama kafaɗun rigar a ɗaga sama, in ta haura kunnuwan yaro, ta yi masa yawa. Wanda ya iya iyo ma ya sa, don in jirgi ya buge shi a ka, iyawarsa ba za ta yi masa rana ba.

Hukumar kula da sufurin ruwa ta ƙasa, wadda aka kafa da dokar 2002, ita ke da alhakin duba jirage da hana lodi fiye da ƙima. Amma ma'aikacinta ba zai kasance a kowace gaɓa a kowace rana ba, idon fasinja shi ne ɗan sandan farko. Dubi gefen jirgin bayan kowa ya zauna. In tsakanin bakinsa da ruwa bai fi tafin hannu ba, a rage mutane. Dubi cikinsa, in tun ba a tashi ba yaro yana ta kwarfar ruwa, ka san akwai magana. Tambayi matuƙi ko akwai filafili in inji ya mutu. In matuƙin yaro ne ƙarami, ko kuwa kana jin warin giya a bakinsa, ka sauko da mutanenka. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

In an tashi, kowa ya zauna inda aka ajiye shi. Abin da ke kifar da ƙaramin jirgi a ruwa mai lumana shi ne mutane su tashi tsaye, ko su ruga gefe guda don ɗaukar hoto ko kallon wani abu. Rawa a bar ta sai an sauka. In kuma ƙaddara ta sa ya kife, kada a bar shi a nufi gaɓa da iyo. Jirgin katako galibi ba ya nutsewa gaba ɗaya, a riƙe shi, domin masu ceto sun fi saurin hango jirgi da kan mutum. Wanda ya sami kansa a ruwa ba riga, ya yi ƙoƙarin kwantawa rigingine, ya buɗe hannu da ƙafa, fuska sama, ya yi numfashi a hankali. Kokawa da ruwa ita ke ƙarar da ƙarfi.

Sai maganar sama. A 2025 da 2026 ƙaramar Sallah a watan Maris ta faɗo, babbar kuma a Yuni da Mayu, wato daidai lokacin da damina ke kankama a kudancin ƙasar nan. Hadarin farkon damina da iska yake zuwa, galibi da la'asar, kuma ba ya sallama. A Bosomtwe duwatsu sun kewaye ka, ba ka ganin tasowarsa sai ya leƙo kanka. Saboda haka a yi yawon jirgi da hantsi. Da an ji tsawa ko an ga gari ya haɗe, kowa ya fito daga ruwa, kada kuma a fake gindin manyan bishiyoyi. Ba mu manta da abin da ya faru a magangarar ruwa ta Kintampo a watan Maris na 2017 ba, inda iska ta kayar da bishiya kan masu wanka, kusan mutum 20 suka rasu, yawancinsu ɗalibai da suka je yawon buɗe ido. Da hunturu kuma hazo yana rufe gaɓa, yana ɓoye kututture, sai a kiyaye nisa.

In Abin Ya Faru

Babban abin baƙin ciki a irin wannan haɗari shi ne sau da yawa gawa biyu ake fitarwa, ta wanda ya nutse da ta wanda ya bi shi. Mai nutsewa ba ya cikin hankalinsa, duk abin da ya kama hawansa zai yi, ko uwarsa ce. Hausawa da suka ce iya ruwa fidda kai sun san abin da suke faɗi. In ba a koya maka ceto ba, kada ka faɗa. Yi kururuwa a kira masuntan wurin. Miƙa masa doguwar sanda, ko rawani, ko zane, kai kuma kana kwance ko wani ya riƙe ka. In ya yi nisa, jefa masa abin da ke yawo a kan ruwa. Galan rawaya da muke kira galan Kufuor, in babu komai a ciki aka rufe bakinta, aka ɗaura mata igiya, tana iya riƙe babban mutum. Kula mai murfi, ko ƙwallo, duk suna taimakawa.

In an fito da shi, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗaga haɓarsa, a duba numfashi, kada duban ya wuce daƙiƙa 10. In yana numfashi, a juya shi ya kwanta a gefe, a cire jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi. In ba ya yi, wani ya buga 112 nan take, kai kuma ka toshe masa hanci, ka hura masa iska a baki sau 5, kana ganin ƙirji yana tashi. Sannan ka ɗora hannu bisa hannu a tsakiyar ƙirjinsa ka danna sau 30, da ƙarfi da sauri, kamar sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6 ga babba. Ga yaro hannu ɗaya ya isa. Sai hura iska sau 2, dannawa 30, haka za a yi ta yi, ana karɓar juna, har ya farfaɗo ko ma'aikatan lafiya su iso. Ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 babu iska, motar asibiti kuwa ba za ta gangaro Abono cikin wannan lokaci ba. Wanda ke tsaye a wurin shi ne likita.

A bar al'adar nan ta danna ciki, ko ɗaga mutum a juya kansa ƙasa wai don ruwa ya fito. Ɓata lokaci ne, kuma yana jawo amai ya koma huhu. Kada a ɗura masa komai a baki. Kada kuma kunya ta sa maza su tsaya kallo don wadda aka fitar mace ce, rai ya fi gaban wannan. Ko mutum ya farfaɗo ya ce garau yake, a kai shi asibiti, domin ruwan da ya shiga huhu yana iya tayar da numfashi bayan sa'o'i. Masu zuwa Bosomtwe su san akwai asibiti a Kuntanase da Pramso, masu zuwa Akosombo kuma akwai a cikin garin.

Aikin Na Masu Shirya Tafiya Ne

Duk abin da muka lissafa, kusan babu wanda ake iya shiryawa bayan an isa bakin ruwa. Daga gida ake yinsa. Ƙungiyar da ta iya tara kuɗin riguna iri ɗaya da na mai kiɗa ba za ta kasa sayen igiya mita 20 da galan biyu da usur ba. A rubuta sunan kowa da lambar iyayensa. A raba yara kashi-kashi, kowane kashi da babba guda da zai amsa tambaya a kansu. A haɗa kowa da abokinsa, in aka busa usur kowa ya ɗaga hannun nasa. A ƙirga kai kafin shiga ruwa, da bayan fitowa, da kafin mota ta tashi, kada sai an iso Kumasi a ga jaka babu mai ita.

In an isa, shugabanni su fara gaida mutanen gari, su nemi masunci ɗaya ko biyu, a biya su, su nuna iyakar inda za a tsaya, su kuma zauna kusa da jama'a har a tashi. A naɗa masu tsaron ruwa waɗanda ba su da wani aiki sai kallo, ba waya, ba hira, ba rabon abinci, a riƙa canza su duk bayan rabin sa'a don ido yana gajiya. Lokacin salla da lokacin cin abinci, kowa ya fito, domin a nan ne manya suke juya baya.

Iyaye kuma, kafin ku miƙa kuɗin mota, ku kira shugaban ƙungiya ku tambaye shi: Malam, wa zai kula da ɗana? Za a shiga jirgi? Akwai rigar ceto daidai shi? In ya fara kame-kame, ku riƙe ɗanku, kukan yini ɗaya ya fi na shekaru. Muna kuma roƙon sarakunan zango da limamai da malaman makaranta su sa baki tun Sallah da saura, su gayyato ƙungiyar agaji ta Red Cross, ko 'yan kwana-kwana, ko ma'aikatan motar asibiti, su koya wa samari da 'yan mata taimakon farko. Nan gaba kuma mu yi tunanin haɗa kuɗi a kai yaranmu, maza da ranarsu, mata da tasu, inda za a koya musu iyo a hannun ƙwararru.

Mun san wani zai ce in kwana ya ƙare babu makawa, wani kuma ya ce ruwan ne ke karɓar rabonsa duk shekara. Ba mu musun ajali. Amma in aka bi labaran nan ɗaya bayan ɗaya, abin da ake tararwa shi ne lodi ya yi yawa, ko babu riga, ko an yi gasa, ko babu mai kallo, waɗannan kuwa duk a hannunmu suke. Kakanninmu da suka yi ta ƙetare Volta da goro da jakuna ba su iya iyo ba su ma, amma sun san girman ruwa. Sukan sauka a gaɓa su jira masu fito, su bi umarninsu, in an ce yau ba a ƙetarewa su kwana. Abin da muke nema ga 'ya'yanmu ke nan.

Allah ya kai mu Sallah lafiya, ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo mana da su cif yadda suka tafi. Amin.